Gishirin Manga da Kanwar Tafkin Chadi: Tarihin da Ke Kwance a Ƙasa

Tun kafin Shehu Garbai ya taso daga Kukawa ya sauka Yerwa, nan kusa da Mafoni, a 1907, fataken Hausawa sun san hanyar Barno. Cikin manyan abubuwan da ke kawo su akwai gishiri da kanwa.

Kowane da inda yake fitowa. Mangul daga ƙasar Manga, wajajen Maine Soroa da Gure. Ungurnu kuwa daga gabashin Tafkin Chadi, Buduma ke tsallako da ita a jirgi zuwa Baga. Kantu da beza daga Bilma, wadda ke hannun Barno kafin Abzinawa su ƙwace cinikinta wajen 1760. Kakanninmu suka riƙa ɗora kanwa a jakuna har Gwanja, su komo da goro.

Yin mangul ba wasa ba ne. Da rani ake kankaro ƙasa mai gishiri, a tace ta da ruwa, a zuba a tukwanen yumɓu, a yi ta hura wuta har ruwan ya ƙone, gishiri ya daskare. Sai a fasa tukunya a fitar da shi. Shi ya sa duk inda aka daɗe ana wannan aiki za ka tarar da tulin ƙasa da katanga.

To abin mamaki, kusan haka aka yi a gaɓar tekun Ingila zamanin mulkin Rumawa, kimanin shekara 2,000 da suka wuce. A yankin Essex akwai ɗaruruwan jajayen tuddai na ƙonannen yumɓu, inda aka dafa ruwan teku. Wasu daga ciki doka ta kare su, ba a haƙawa sai da izni. A can Italiya ma har yau akwai hanyar da ta fita daga birnin Rum mai suna Via Salaria, wato Hanyar Gishiri.

Su fa tarkacen tukwane suka adana, don sun san da shi ake gane yadda mutanen da suka ci abinci. Mu namu bai tsaya ga tarkace ba, muna da dattawa da suka ji labarin ayari daga bakin iyayensu. Gishirin leda ya cika kasuwa, yaranmu da yawa ba su san mangul ba.

Shawarata, mu zauna da dattawan nan, mu rubuta sunayen zangogi, da ma'auni, da yadda ake ciniki, tun suna raye. Abin da ba a rubuta ba, ƙasa ke binne shi. Allah ya sa mu dace.