Yadda Kwanan Wata Ya Koma Lamba a Matplotlib

Kwamfuta ba ta san "1 ga Janairu" ba, lamba kaɗai take iya ɗorawa a kan jadawali. Shi ya sa Matplotlib, manhajar da John Hunter ya fitar a 2003 don nazarin ƙwaƙwalwar masu farfaɗiya, take mayar da rubutaccen kwanan wata zuwa adadin kwanaki.

Shekara da shekaru, ƙirgan daga shekara ta 1 Miladiyya yake somawa. Ranar 1 ga Janairun 2020 ta zama 737425, lambar da girmanta yake haɗiye ƙananan gutsattsarin daƙiƙa, ya ɓata wa masu awon kimiyya lissafi.

A 2020, sigar 3.3 ta mayar da mafarin ƙirgan 1 ga Janairun 1970, irin na tsarin kwamfuta na Unix. Ranar 1 ga Janairun 2020 ta koma 18262, tsakar ranarta kuma 18262.5.