Yadda yaƙi ya koya wa masu hawan igiyar ruwa zaɓen rana

Gaɓar arewacin tsibirin Oahu, a Hawai, ita ce matattarar masu hawan igiyar ruwa, wato wasan da mutum ke tsayawa a kan allo raƙumin ruwa ya kwaso shi zuwa gaɓa. A watannin zafi tekun wannan gaɓa a kwance yake kamar tafki. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu kuwa, guguwar hunturu da ke tashi a arewacin tekun Fasifik tana turo raƙuman ruwa masu tsayin bene. Kowa ya san watannin. Abin da ya daɗe yana gagarar mutane shi ne sanin ranar, domin teku kan sauya cikin sa'o'i kaɗan.

Wannan rashin sani ya ci rai. A Disamban 1943 Woody Brown da wani matashi, Dickie Cross, suka shiga ruwa a Sunset Beach. Suna ciki raƙuman suka yi ta girma har hanyar komawa gaɓa ta toshe. Suka nufi mashigin Waimea da fatan samun mafita, suka tarar can ma ya rufe. Brown ya tsira da ƙyar, Cross kuwa ba a ga ko gawarsa ba. Daga nan aka ƙaurace wa Waimea, sai a Nuwamban 1957 Greg Noll da abokansa suka kuskura suka hau raƙumanta.

A daidai shekarun da Cross ya rasu, wasu masana biyu a cibiyar nazarin teku ta Scripps da ke Kalifoniya, Harald Sverdrup da Walter Munk, suna fama da tambaya iri ɗaya, amma saboda yaƙi. Sojojin ƙawance suna shirin sauka a gaɓar abokan gaba cikin ƙananan jirage masu kifewa idan teku ya hautsine. Masanan suka fitar da lissafin da ke kimanta girman raƙuman ruwa daga abubuwa uku: ƙarfin iska, tsawon lokacin da ta yi tana kaɗawa, da faɗin tekun da ta ratsa. Aka horar da jami'an hasashen yanayi na soja a kan wannan hanya, aka kuma yi aiki da ita wajen saukar dakaru, har da ta Normandi a Yunin 1944.

A 1963 Munk da abokan aikinsa suka kafa tashoshin awo daga New Zealand har Alaska, suka bi sawun raƙuman da guguwar kudancin duniya ta haifa. Suka tabbatar da cewa raƙumin ruwa yana iya tafiyar dubban kilomita bai mutu ba, kuma masu doguwar tazara a tsakaninsu sun fi gudu, su ne ke fara isowa. Ashe abin da ke karyewa a gaɓa yau, kwanaki ke nan da haihuwarsa a wata uwa duniya. Wanda ya ga guguwar a taswira yana iya ƙirga ranar isowarsa.

Ilimin ya isa hannun 'yan wasa a 1985, lokacin da aka buɗe Surfline, layin tarho na biya da Sean Collins ya zama jigon hasashensa, kafin ya koma intanet a 1995. A yau mai neman rana mai kyau a arewacin Oahu yakan fara duba na'urorin awo da aka girke a teku arewa maso yammacin Hawai, waɗanda ke nuna tsayin raƙuman da tazararsu sa'o'i kafin su iso. Sannan ya duba iskar wurin: wadda ke kaɗawa daga tudu zuwa teku tana gyara fuskar raƙumin, wadda ke fitowa daga teku tana dagula shi. Sai cikar teku da janyewarsa, masu ƙayyade zurfin ruwa a kan duwatsun ƙasa.

Duk da haka hasashe yana da iyaka. Gasar tunawa da Eddie Aikau, mai ceto na farko a Waimea, ba a yin ta sai fuskar raƙuman ta kai kimanin ƙafa 40, shi ya sa daga 2010 zuwa 2015 ba a yi ta ko sau ɗaya ba. A ranar 10 ga Fabrairun 2016 dubban mutane suka hallara bisa hasashe, raƙuman ba su iso a kan lokaci ba, aka fasa. Sai ranar 25 ga watan aka yi ta, John John Florence ya lashe. Lissafi yana faɗin lokacin da ya kamata a kusanto gaɓa, amma hukuncin shiga ruwa har yanzu da asuba ake yanke shi, bayan an dubi teku da ido.