Basil Davidson, Baturen da ya yi gardama da malaman ƙasarsa kan tarihin Afirka

A shekarar 1963 wani shehun malamin tarihi na jami'ar Okisfod, Hugh Trevor-Roper, ya ce wai Afirka ba ta da tarihin da za a koyar, in ban da labarin Turawan da suka shige ta. Maganar ba sabuwa ba ce, tun zamanin Hegel ake nanata ta a Turai. Sai dai shekara 4 kafin wannan furuci, wani ɗan ƙasarsu wanda bai taɓa zama ɗalibin jami'a ba ya riga ya buga littafin da ya ƙaryata ta. Sunansa Basil Davidson.

An haife shi ranar 9 ga Nuwamba 1914 a Biristol ta ƙasar Ingila, garin da ya yi arziki da fataucin bayi a ƙarni na 18. Ya bar makaranta yana da shekara 16, ya yi ƴan ƙananan ayyuka, har ya samu shiga aikin jarida. A 1938 yana rubuta wa mujallar The Economist labarai daga Faransa. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, hukumar leƙen asirin ƙasarsa ta tura shi Hangari. A watan Agusta 1943 aka sauke shi da lema daga jirgin sama a Bosniya, domin ya zama ɗan aike tsakanin Ingila da mayaƙan sa-kai na Tito masu yaƙar Jamus. Ya fi shekara yana tare da su, galibi a yankin Boyibodina, yana kwana a gidajen manoma waɗanda da an kama shi a ɗakunansu da sun rasa rayukansu. A farkon 1945 aka mai da shi arewacin Italiya, kuma yana Jenowa a watan Afrilu lokacin da sojojin Jamus suka miƙa wuya ga mayaƙan garin.

Wannan zama cikin ƙauyawa shi ne makarantarsa ta gaskiya. A can ya ga mutanen da manyan birane ke ɗauka jahilai suna kafa kwamiti, suna raba abinci, suna yanke shari'a, ba sarki ba gwamna. Duk abin da ya rubuta daga baya game da Afirka yana ɗauke da wannan darasi.

Bayan yaƙi ya koma jarida, ya yi aiki da The Times, sannan New Statesman. A lokacin ne kuma ya gwada ƙagaggun labarai. Ya buga guda 5, na farko Highway Forty a 1949, na ƙarshe The Andrassy Affair a 1966. Yau ba a cika karanta su ba, kuma ba da su aka san shi ba. Amma sun koya masa abin da malaman tarihi da yawa suka rasa, wato iya jan mai karatu daga shafi zuwa shafi.

Afirka ta shigo rayuwarsa ta ƙofar kudu. Ya je Afirka ta Kudu a farkon shekarun 1950, ya buga Report on Southern Africa a 1952, gwamnatin wariyar launin fata kuwa ta haramta masa sake shiga ƙasar. A 1955 ya tona asirin aikin tilas da Fotigal ke sa mutanen Angola a cikin The African Awakening. Sannan a 1959 sai ga Old Africa Rediscovered, wanda aka fassara da faransanci a 1962 da sunan L'Afrique avant les Blancs. Davidson bai haƙa ƙasa da kansa ba, bai gano wani kufai ba. Abin da ya yi shi ne tattara aikin masu binciken kayan tarihi da rubuce-rubucen matafiya Larabawa, waɗanda ke warwatse cikin mujallun da ƙwararru kaɗai ke buɗewa, ya jera su yadda malamin makaranta zai fahimta: Merowe ta bakin kogin Nil da ƙiranta, gumakan yumɓu na Nok, daulolin Gana da Mali da Songai, birnin Kilwa na bakin teku, ganuwar duwatsu ta Zimbabuwe. Game da ta ƙarshen, tun 1929 Gertrude Caton-Thompson ta tabbatar ƴan Afirka ne suka gina ta, amma Turawan Rodeshiya suka ci gaba da cewa aikin baƙi ne, domin yarda da gaskiyar za ta raunana hujjar mulkinsu.

Littafin ya zo a kan gaɓa, ana jajibirin ƴancin kai, sababbin gwamnatoci suna neman abin da za su sa a hannun ɗalibai. A 1965 ya rubuta littafin makaranta kan tarihin Afirka ta Yamma daga 1000 zuwa 1800, da taimakon F. K. Buah na Gana da J. F. Ade Ajayi na Nijeriya. Yara da yawa a ƙasashen da ke karatu da ingilishi a cikinsa suka fara ganin sunan Kano da Katsina da Gobir a littafin boko. Haka kuma a 1984, cikin shirinsa na talabijin mai kashi 8 mai suna Africa, fadar Kano ya zaɓa domin nuna yadda sarautar gargajiya ke tafiya.

Bai tsaya kan tarihin da ya wuce ba. A 1967 ya shiga dajin Gine Bisawo tare da Amilcar Cabral da mayaƙan PAIGC, a 1970 kuma ya taka da ƙafa cikin gabashin Angola tare da MPLA, yana da shekara 55. A nan ne ƙarfinsa ya zame masa rauni. Ya ga waɗannan mayaƙa da idon da ya ga manoman Yugoslabiya, ya so su, wanda ke so kuwa ba ya ganin aibi da wuri. An kashe Cabral a 1973. A Angola an yi kisan gilla cikin jam'iyyar kanta bayan 27 ga Mayu 1977. A Bisawo soja ya kifar da gwamnati a 1980. Masu sukarsa sun ce ya yi wa waɗannan ƙungiyoyi sassaucin da bai yi wa ƴan mulkin mallaka ba, kuma da wuya a ce ba su da gaskiya.

Amsarsa ta zo a 1992, cikin The Black Man's Burden, littafin dattijon da ya ga abin da bai so gani ba. Hujjarsa ita ce, shugabannin ƴancin kai sun karɓi tsarin ƙasa irin na Turai yadda ɗan mulkin mallaka ya bar shi, da iyakokinsa da ofisoshinsa, suka yi watsi da hanyoyin da kakanninsu ke bi su taka wa mai mulki burki. Mutumin da ƴan uwansa ke Katsina shi yana Maradi bai buƙatar dogon bayani kan batun iyaka. Ana iya cewa Davidson ya ƙawata zamanin da fiye da kima, domin daulolin nan ma sun yi bauta da zalunci. Amma bai ɗauki matsalar ta Afirka kaɗai ba: ya kwatanta ta da ta gabashin Turai, a daidai lokacin da Yugoslabiyar da ya yi wa yaƙi take wargajewa a gabansa.

Jami'o'i da dama, na Afirka da na Turai, sun ba shi digirin girmamawa daga baya. Ya rasu ranar 9 ga Yuli 2010, yana da shekara 95, ya bar littattafai fiye da 30.