Ajali Na Allah Ne, Amma Wa Ke Rubuta Sanadi? Ciwon Zuciya Da Takardun Mutuwa A Damagaram



Duk mai sauraren sanarwar rasuwa a rediyo ya san kalmomin: wane ya rasu "bayan gajeruwar rashin lafiya", wance ta cika "bayan doguwar jinya". Sai lokacin jana'iza da gidan zaman makoki. Wace rashin lafiya ce? Ba a faɗa, mu ma ba mu tambaya. Tarihin wannan shirun za mu bi yau, domin a cikinsa ciwon zuciya ya samu maɓoya.

A zamanin sarakuna, abin da ake riƙewa shi ne shekarun mulki da yaƙe-yaƙe da gine-gine. Mun san Sarki Tanimu ya ƙarfafa ganuwar Birni, ya sa aka ƙera igwa, mulkinsa ya kai 1884, kamar yadda marigayi André Salifou ya tattara a littafinsa na tarihin Damagaram na 1971. Mutuwar takobi da bindiga tana da rana: an kashe Kyaftin Kazamaju a Zinder ran 5 ga Mayu 1898, Nasara suka shiga garin a Yuli 1899, aka kashe Sarki Amadu Kuran Daga a Satumbar wannan shekara. Mutuwar taro kuma tana da suna: yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, El Buhari ta 1984 zuwa 1985, sanƙarau na 1995. Amma wanda ya yanke jiki ya faɗi a kasuwa, ko ya kwanta lafiya bai tashi ba, sai dai a ce kwana ya ƙare, wani lokaci a ce iska ce ta buge shi.

Da Nasara suka kafa mulki, Zinder ce babban birnin Nijar daga 1911 zuwa 1926, kuma sun zo da manyan littattafan ƙidaya. To amma ƙidayar haraji ce. Mai gari kan sanar da mutuwa don a soke sunan mamaci daga jerin masu biya. Kumandan yana son ya san kai nawa ya rage, ba abin da ya ɗauke sauran ba.

Bayan 'yancin kai an yi dokokin rajistar haihuwa da aure da mutuwa a 1985, da 2007, da 2019, an kai wuraren sanarwa har ƙauyuka da gidajen likita. Takardar haihuwa mun fara saba da ita saboda lakol da katin ɗan ƙasa. Ta mutuwa kuwa, galibi sai in akwai fansho, ko kuɗi a banki, ko gado ya kai gaban alƙali, lokacin kuma wa'adi ya wuce, sai an bi ta kotu. Ba mu kaɗai ba ne: rahoton hukumar lafiya ta duniya, OMS, na 2021 ya ce a Afirka mutuwa 1 cikin 10 kawai ake yi wa rajista.

Nan ne kuskure na farko: da yawanmu a gida suke cikawa, a yi sutura a kai su makwanci cikin sa'o'i kaɗan yadda addini ya koyar, babu likitan da ya gani, babu abin da aka rubuta.

Na biyu ya fi wuyar ganewa, don takardar tana nan amma ba ta faɗi komai ba. Ku lura takardun biyu ne. Ta ma'aikatar magajin gari aikinta tabbatar da wane ya rasu, yaushe, a ina. Ta likita ce ke da gurbin sanadi. Tsarin ya samo asali daga jerin sanadin mutuwa na Bafaranshe Jacques Bertillon da aka amince da shi a 1893, OMS ta karɓi ragamarsa a 1948. Ana son likita ya jero abin daki-daki har ya kai ga tushe. Misali: ruwa ya cika huhu, saboda zuciya ta gaza, saboda hawan jini na shekara goma. Hawan jinin nan shi ne abin da ake ƙidayawa.

Amma sau da yawa, a ƙasashe masu yawa har da namu na Faransanci, kalma biyu ake rubutawa: "arrêt cardiaque", wato zuciya ta tsaya. Jama'a, akwai wanda ya taɓa mutuwa zuciyarsa tana bugawa? Wanda sanƙarau ya kashe, da wanda mota ta kaɗe, da wadda jini ya ɓalle mata wajen haihuwa, duk zuciyarsu ta tsaya. Sai ga shi wanda ciwon zuciya ya kashe a gida ba ya cikin lissafi, wanda wata cuta ta kashe a asibiti kuma an jingina wa zuciya. Lissafin ya karkace ta gefe biyu.

Ko masu hali ba su tsira ba. A Framingham ta Amurka, binciken da aka fitar a 1998 ya gano takardun mutuwa sun ƙara adadin masu ciwon toshewar jijiyoyin zuciya da kusan kashi 24 cikin 100, abin ya fi muni ga tsofaffi. A Japan, da aka sauya takardar a 1995 aka gargaɗi likitoci su daina rubuta gazawar zuciya a matsayin sanadi, adadin "mutuwar zuciya" ya faɗi nan take, alhali alƙalami ne kawai ya canza.

Amfanin rubutu kuwa, ga misali daga ɗakunanmu. A shekarun 1970, likitoci Davidson da Parry a asibitin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya suka riƙa rubuta labarin masu jego da ke zuwa da kumburin ƙafa da haki. Suka gano gazawar zuciya ce, mai kama kusan mace 1 cikin 100 da suka haihu a yankin, suka danganta ta da yawan kunun kanwa, da wankan jego da tafasasshen ruwa, da kwanciya kan gado mai wuta a ƙasa. Kanwar nan kuwa ta ƙasarmu ce, daga Muniyo da Manga fatake ke ɗauko ta, ta ratsa Damagaram zuwa Kano. Daga baya likita Cénac a Yamai ya nuna ƙarancin sinadarin seleniyom a jinin irin waɗannan mata, Farfesa Kamilu Karaye na Kano ya ci gaba da bin sawun abin, har yau ana muhawara kan tushensa. Ciwon ya daɗe a cikinmu, sai da wani ya rubuta aka gan shi. Kuma ku sani: ƙidayar mace-macen haihuwa da aka saba tana tsayawa a kwana 42, alhali wannan ciwo kan yi kisa watanni bayan arba'in. Uwa ta tafi, babu ita a kowane lissafi.

Binciken OMS da ma'aikatar lafiya na 2007 ya nuna aƙalla babba 1 cikin 5 a Nijar yana da hawan jini, wanda muke kira tansiyo. In takardu ba su nuna shi yana kisa ba, da wace hujja za a nemi na'urar awo da magani a gidajen likitan karkara? Masu raba kasafi abin da aka ƙidaya suke gani.

Hanya kuma akwai. A 2012 hukumar ƙididdiga ta ƙasa, INS, da Jami'ar Johns Hopkins sun bi gida-gida suna tambayar iyaye alamomin da yaransu suka nuna kafin rasuwa, aka fitar da sanadi ba tare da an taɓa gawa ba. Abin da aka yi wa yara ana iya yi wa manya, ko da yake bai kai ganin likita ba.

Namu aikin ba shi da yawa. In an yi mana rashi, bayan sadakar uku ko ta bakwai, wani ya je ya sanar da hukuma kafin wa'adi ya wuce. In a asibiti ne, mu tambayi likita cikin ladabi: wace cuta ce ta faro? In ya ce tansiyo ko zuciya, a gaya wa 'ya'ya da ƙanne su je a auna su, don hawan jini yana bin dangi. Mai jego da ke haki in ta kwanta, a kai ta likita, kada a jira arba'in.

Neman sanadi ba jayayya da ƙaddara ba ne. Sayyidina Umar ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham da ya ji annoba ta ɓarke, ba kuwa wanda ya fi shi yarda da ajali a cikinmu.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba marasa lafiya sauƙi, Ya sa mu cika da imani. Amin.