Kan Sarki da Tsabar Kuɗi a Matsayin Shaidar Mulki: Ziyara Gidan Tarihin Monako

Masu nazarin tarihi sun saba neman hujjojinsu a cikin littattafai da wasiƙun sarakuna da takardun yarjejeniya. Ba safai suke waiwayar ƙananan abubuwan da ke yawo a hannun jama'a ba, watau tsabar kuɗi da kan sarki. Wannan maƙala za ta dubi abin da irin waɗannan abubuwa ke iya faɗa game da wata ƙaramar ƙasa, ta hanyar bin kayan da aka jera a gidan tarihin kan sarki da kuɗi na Monako.

Ita dai Monako tana gaɓar Bahar Rum, Faransa ta kewaye ta ta ɓangaren tudu, kuma faɗinta bai wuce murabba'in kilomita 2 da 'yan kai ba. Zuriyar Grimaldi ce ke sarautarta, tarihinsu a wurin yana komawa har 1297. Sarautar tasu akan fassara ta da "yarima", amma fassarar tana iya ɓatar da mai karatu, domin a Hausa yarima ɗan sarki ne, alhali a can shi ne mai ƙasa. Saboda haka a nan za mu ce sarki. Sarki Rainier na III, wanda ya yi mulki daga 1949 zuwa 2005, shi ne ya kafa gidan, aka buɗe shi a unguwar Fontvieille cikin 1996.

Mai ziyara zai tarar da babban zaure inda aka jera kayan bi da bi gwargwadon shekarunsu, sa'an nan da wani ɗaki na kan sarki masu wuyar samu. Tsabar kuɗi ta farko da aka buga da sunan Monako ta 1640 ce, zamanin Honore na II. Wannan shekara abin lura ce ƙwarai. A lokacin sojojin Sifen ne ke zaune a ganuwar garin, kuma shekara ɗaya bayan nan, cikin 1641, Honore ya kore su, ya ƙulla yarjejeniyar Peronne da Faransa. Ashe ke nan buga kuɗin na daga cikin shirin nuna cewa shi mai cin gashin kansa ne. Wanda ya san tarihin daulolin Musulunci ba zai yi mamaki ba, don kuwa a can ma ambaton sarki a huɗuba da buga sunansa a kan dinari su ne manyan alamun mulki.

Sai dai kuɗin ƙaramar ƙasa ba ya rayuwa da kasuwar gida kaɗai. A wajejen 1660 Monako ta shiga sahun ƙananan masarautun wannan gaɓa da ke buga wani ɗan kuɗin azurfa mai kama da na Faransa, suna aikawa da shi kasuwannin daular Usmaniyya, inda mata ke neman sa don ado. Da masu bugawa suka ga ana rububinsa, sai da yawansu suka riƙa rage azurfar suna ƙara jan ƙarfe, har abin ya fito fili cinikin ya mutu. An sake gwada buga kuɗi a cikin gida a 1837, zamanin Honore na V, amma ba a daɗe ba aka rufe maƙerar. Daga baya Faransa ce ta riƙa buga wa Monako kuɗinta.

A ganina ɓangaren kan sarki ya fi ilmantarwa, musamman ambulan ɗin da suka girmi kan sarkin Monako kansa. Daga 1815 ƙasar tana ƙarƙashin kariyar Sardiniya, don haka wasiƙun da suka fita daga can kafin 1860 kan sarkin Sardiniya ne a jikinsu. Daga 1860 kuma sai na Faransa. Hatimin gidan waya yana cewa Monako, hoton da aka manna kuwa na wani sarki ne daban. A tsakanin nan ne ƙasar ta yi babbar asara: garuruwan Menton da Roquebrune, waɗanda suka yi tawaye a 1848, an sallama su ga Faransa a 1861 a kan faran miliyan 4, mafi yawan ƙasar ya tafi ke nan. Sai a 1885 Sarki Charles na III ya fitar da kan sarki mai ɗauke da hotonsa. Sunan da Bahaushe ya laƙa wa wannan 'yar takarda ya dace da lamarin sarai, domin abin da ake jayayya a kai shi ne kan wane sarki za a gani. Kafin nan Charles ya riga ya sami wata hanyar shiga, watau gidan cacar Monte Carlo, wanda ribarsa ta ba shi damar soke harajin kai tsaye a 1869.

Wajibi ne ɗalibi ya tuna cewa mai kayan shi ne ya jera su. Kan sarki yana nuna auren Rainier da Grace Kelly na 1956, yana nuna tseren motoci da binciken teku na Albert na I. Ba ya nuna abin da ya fusata mutanen Menton, watau nauyin haraji da kakkange cinikin garin alkama da aka yi zamanin Honore na V. Wannan sai an nemo shi a wasu takardun.

Har ila yau akwai tambayar wa ake buga wa. Mutanen ƙasar ba su kai 40,000 ba, wasiƙunsu ba za su cinye abin da ake fitarwa ba. Tun 1937 aka kafa ofishi na musamman don sayar wa masu tara kan sarki a ƙasashen waje. Haka abin yake ga kuɗi. Monako ba ta cikin Tarayyar Turai, amma bisa yarjejeniya tana da tsabar yuro tata tun da kuɗin ya fara yawo a 2002. A 2007 an buga tsabar yuro 2 guda 20,001 don cikar shekara 25 da rasuwar Grace Kelly, kuma masu tarawa sukan sayi ƙwaya ɗaya a kan dubban yuro.