Rigimar Sarautar Dambe Tsakanin Schmeling da Sharkey

Da Gene Tunney ya bar dambe cikin 1928, sai gadon sarautar manyan 'yan damben duniya ya zauna ba kowa. Ran 12 ga Yuni, 1930, aka kara Max Schmeling, Bajamushe, da Jack Sharkey na Amurka a birnin New York. A turmi na huɗu Sharkey ya kai naushi ƙasa da ɗamara, abin da doka ta hana. Schmeling ya faɗi, ya kasa tashi, aka ba shi sarauta. Mutane suka yi ta ba'a, wai sarkin da aka naɗa a kwance! Mu dai a ganinmu doka ce ta naɗa shi. Da suka sake gamuwa cikin 1932, akasarin 'yan kallo suka ce Schmeling ya rinjaya, amma alƙalai biyu cikin uku suka ba Sharkey rawani.