Tarihin Ajiyar Ko-ta-Kwana a Duniyar Kwamfuta

Hausawa na cewa ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. A wannan 'yar maƙala za mu bi tarihin wani ɗan haki da ke cikin kowace uwar garke, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da bayanan banki ko jami'a ko ma'aikata, mu ga yadda sakaci da shi ya sha jawo hasara, da kuma darasin da masana suka koya.

Tun farkon al'amari, a kan zaren maganaɗisu ake adana bayanai. Na'urar UNIVAC ta fara amfani da shi a 1951. A 1956 kamfanin IBM ya fito da faifan ajiya na farko a cikin na'urar RAMAC, mai faya-fayai 50, kowanne faɗinsa inci 24, duka-duka suna ɗaukar haruffa miliyan 5. Faifai ya fi zare sauri, amma yana iya lalacewa farat ɗaya. Saboda haka sai aka ɗauki al'adar kwafe abin da ke kan faifai zuwa zare a kai a kai, a kulle shi a wani wuri dabam. Wannan shi ne asalin kwafin ko-ta-kwana.

Da faya-fayai suka ƙara girma, sai aka ga dacewar a raba su yanki-yanki, kamar yadda ake raba gonar gado tsakanin magada. A 1983, tare da manhajar PC DOS 2.0, aka shigo da tsarin da ake kira MBR. A sashen farko na faifai, mai bayit 512, aka keɓe bayit 64 kacal don jadawalin rabo. Gurbi huɗu ne, kowanne bayit 16, yana faɗin inda yanki ya fara da iyakar tsawonsa. To, mai karatu, ka lura: in wannan jadawali ya goge, bayanai suna nan kwance a kan faifai, amma kwamfuta ba ta san inda za ta same su ba. Gona na nan, shaidar iyaka ce ta ɓace.

Duniya ta ɗanɗana wannan a ranar 26 ga Afrilu, 1999. Ran nan ƙwayar cutar kwamfuta mai suna CIH, wadda wani ɗalibi a Taiwan ya rubuta, ta tashi a cikin ɗimbin na'urori, musamman a ƙasashen Asiya. Aikinta shi ne shafe farkon faifai, har da jadawalin rabo. Wanda ya adana kwafin jadawalinsa yana da madogarar sake tsayar da iyakoki. Wanda bai adana ba kuwa, sai lalube.

Irin wannan rauni, da kuma gazawar MBR wajen faifan da ya wuce terabayit 2, su ne sabon tsarin GPT ya zo ya magance. Kamfanin Intel ne ya fara shi a ƙarshen shekarun 1990. Shi yana rubuta jadawali sau biyu, ɗaya a farkon faifai ɗaya a ƙarshe, tare da wata lambar lissafi da ke nuna ko an taɓa shi. Amma fa duka biyun a faifai ɗaya suke; in faifan ya mutu, tare za su tafi. Shi ya sa masu kula da uwar garke kan fitar da jadawalin a fayil, da manhaja irin su sfdisk, su ajiye shi nesa tare da sauran saituttuka.

Shekarar 2017 ta zo da darussa biyu. A ranar 31 ga Janairu wani ma'aikacin kamfanin GitLab ya goge bayanai kimanin gigabayit 300 bisa kuskure. Da aka waiwayi hanyoyin ajiyar da aka dogara da su, sai aka tarar ba sa aiki yadda aka zata. Wani kwafi da aka ɗauka awa 6 kafin nan shi ya cece su, aikin waɗannan awowi kuwa ya salwanta.

Sai kuma ranar 27 ga Yuni, da cutar NotPetya ta ɓulla daga Yukren, tana lalata MBR. Ta durƙusar da Maersk, kamfanin jiragen ruwa na Denmak. Na'urorin da ke riƙe da rajistar ma'aikata da izinin shiga, kowace ita ce ajiyar 'yar'uwarta, don haka lokaci guda suka tafi. Guda ɗaya ta tsira a wani ofishinsu na Afirka ta Yamma, domin ɗauke wutar lantarki ya raba ta da sauran. Da ita aka farfaɗo, aka sake gina uwar garke 4,000 da kwamfutoci 45,000 cikin kwana 10, bayan hasarar dala miliyan 250 zuwa 300.

Daga ƙarshe, abin da tarihin nan ke koya mana shi ne a kwafi bayanai tare da jadawalinsu da saituttukansu, a ajiye kwafi ɗaya inda ba ya haɗe da sauran na'urori, sannan a riƙa gwada mayar da shi tun kafin ranar buƙata. Ɗalibin da ke rubuta kundin digiri, da malamin da ke riƙe da sakamakon jarrabawa, kowa ya shafa wa gemunsa ruwa.